Cijewar birkin mota a Yamai: ciwon da ake jinyarsa da guduma

Duk direban da ya taɓa gangarowa zuwa gadar Kennedy da motar da ke karkata gefe guda in an taka birki, ya san irin faɗuwar gaban da muke nufi. Sau da yawa ƙauri ne ke fara ba da labari: direba ya sauko, ya kai hannu kusa da ƙafar mota, ya ji ta yi zafi kamar an sauke tukunya daga murhu, alhali sauran ukun suna nan lafiya lau. Wannan ita ce alamar birkin da ya cije, ciwon da ke yawaita a garajojin Yamai musamman bayan damina, wanda kuma jama'a ke ɗauka ƙaramin abu har ranar da ya zama sanadin kai mutum likita.

Domin a gane ciwon, sai a fara sanin ƙirar abin. A kowace ƙafar gaba ta motocin yanzu akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A kansa akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, wanda makanikai ke kira etiriye da Faransanci. In direba ya taka birki, man birki yana bin tiyo ya tura fistan da ke cikin etiriye, shi kuma fistan ya matse palaket biyu a jikin faifan. In ya ɗaga ƙafa, babu wani sifirin da ke janyo fistan baya. Wani siririn zoben roba da ke kewaye da shi ne ke maido shi da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba. A galibin ƙananan motoci, irin Toyota Starlet da Corolla da suka daɗe suna aikin takisi a birnin nan, fistan ɗaya ne, kuma etiriye yana zamewa a kan sanduna biyu domin palaket ta waje ita ma ta kama. Wannan fasaha ta bazu ne bayan da Citroën ta saka ta a motarta DS a shekarar 1955, kuma tsofaffin direbobinmu sun san ta tun zamanin Peugeot 504, wadda ta fito a 1968.

Ke nan a wurare biyu ake samun cijewa: ko fistan ya kafe cikin raminsa, ko sandunan su bushe su daina zamewa. Dukansu biyun rigar roba ce ke kare su. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Yamai, yana busar da robar har ta tsage. Ƙurar hunturu ta shige ta wannan tsaga. Damina ta zo tsakanin Yuni da Satumba, mota ta ratsa kududdufan unguwannin da ba su da kwalta, ruwa ya bi sawun ƙura, sai tsatsa ta kama aikinta. A watan Satumba na 2020, lokacin da kogin Kwara ya kai mita 7 a Yamai ya mamaye Lamorde da wasu unguwannin bakin ruwa, motoci da dama sun kwana cikin ruwa. Motar da aka ajiye makonni bayan irin wannan wanka, ba abin mamaki ba ne a tarar birkinta ya kafe.

Akwai kuma maƙiyi na cikin gida, wato man birkin kansa, wanda makanikai ke kira lokid. Halinsa ne ya sha danshin iska sannu a hankali. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa wannan iyaka kan sauko zuwa wajen 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Ruwan nan yana cin fistan daga ciki. Abin da ya fi haka muni, birkin da ya cije yana gogar faifai ba hutawa, zafi ya hau, mai ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke ba da shawarar a canja man kowace shekara 2. Direba nawa ne a cikinmu ya taɓa yin haka? Akasari ƙari kawai ake yi in ya ragu.

Talauci ma yana da hannu a ciki. Tun karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabbin kayan gyara suka fi ƙarfin mai takisi, aka koma ga na hannu da ake cirewa daga tsofaffin motocin Turai. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta tashar ruwan Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Amma etiriye na hannu da aka tsinto a kasuwa, wanda ya sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, kan zo da tasa tsatsar.

A nan ne gyaran ganin ido ke shigowa. Mun ga inda apiranti ya bubbuga etiriye da guduma, ya wanke shi da gazuwal, ya shafa baƙin giris, ya mayar. Motar takan yi lafiya sati ɗaya ko biyu. Sai dai robar birki ba ta jituwa da gazuwal, fetur ko man inji. Tana kumbura ta sake riƙe fistan fiye da da. Mafi haɗari shi ne abin da wasu ke yi a kan hanya, su toshe ko su matse tiyon ƙafar da ta cije, motar ta ci gaba da ɗaukar fasinja da birki uku. Ranar da yaro ya gitta titi a guje, motar za ta karkata ne zuwa gefen da birki ke kamawa.

Gyaran kirki kuwa yana farawa da bincike. A ɗaga motar, a dasa mata abin tokara mai ƙarfi, a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa, a ɗan sassauta ƙusar da ake fitar da iska. Idan mai ya tsarto kuma tayar ta saki nan take, to laifin ba na etiriye ba ne; ko tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki yana hana mai komawa, ko babban famfon birki. Idan ba ta saki ba, sai a kwance. A zare sandunan biyu, a goge su tas, a shafa musu giris ɗin da aka yi domin birki wanda ba ya cin roba, a canja rigunansu in sun tsage. Fistan da ya kafe ana fitar da shi ta hanyar taka birki a hankali bayan an cire palaket, ko da iskar famfo, tare da sa guntun katako a gabansa. Kada wanda ya kuskura ya sa yatsa a wurin, domin yakan fito da ƙarfin da ke karya ƙashi. In an ga tsatsa ta huda fuskarsa, babu gogewar da za ta cece shi, sai sabo. A tsabtace ramin da kwarin da zobe ke zama, a saka sabon zobe da sabuwar riga, a jiƙa su da tsabtataccen man birki kafin a mayar. Fistan ɗin baya na wasu motoci, wanda ke haɗe da birkin hannu, murɗa shi ake yi ya koma. In aka danna shi da ƙarfi sai a lalata shi.

Aikin bai kammala ba sai an duba ɗaya ɓangaren, an canja palaket na ƙafafun biyu tare, an fitar da iska daga tiyo, sannan an taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa daga garaji.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ƙunshin robobin gyaran etiriye bai kai kuɗin faifan da zafi ya lanƙwasa ba, balle kuɗin jinya. Muna kira ga masu motoci su sa a duba musu birki a ƙarshen kowace damina, ga manyan makanikai su koya wa yaransu abin da gazuwal ke yi wa roba, ga masu binciken lafiyar motoci kuma su ƙi sa hannu a takardar motar da aka toshe wa tiyo. Fasinjan da ya ji ƙauri cikin takisi shi ma yana da haƙƙin ya ce a tsaya ya sauka. Allah ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu.