Yadda Ake Auna Halin da Yaran Ƙasa Suke Ciki

Auna halin da yara suke ciki a faɗin ƙasa aiki ne na shiga gida-gida. A Najeriya manyan bincike biyu ne ke ɗauke da wannan nauyi. Akwai MICS, wanda asusun UNICEF ya ɓullo da shi a tsakiyar shekarun 1990, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanar da shi, kuma an yi zagaye na shida a 2021. Sai binciken yawan jama'a da lafiya, NDHS, wanda ke hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, ana yin sa kusan duk shekara biyar. Ba kowane gida ake shiga ba. Ana zaɓar dubban gidaje bisa tsarin ƙuri'a, birni da ƙauye, a kowace jiha, su tsaya a madadin saura.

Abu na farko da ake son sani shi ne ko yaro yana rayuwa. Ana tambayar uwa duk haihuwar da ta yi, da waɗanda ke raye, da waɗanda suka koma. Daga nan binciken NDHS na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar.

Sai jiki. Ana ɗora yaro a sikeli, a auna tsawonsa a kan allo, a kwance idan bai kai shekara biyu ba, a tsaye idan ya wuce. Ana gwada sakamakon da ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. Wanda ya gaza tsawon sa'o'insa ya tsumbure, alamar yunwa da ciwo na dogon lokaci. Wanda nauyinsa bai kai na tsawonsa ba ya rame, alamar wahala ta kwanan nan. A 2018 kashi 37 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Amma wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ya rufe babban bambanci: kashi 57 ne a arewa maso yamma, kashi 18 a kudu maso gabas. Gwamnan da ke son sanin inda zai sa kuɗi, alƙaluman jiharsa ne za su amfane shi, ba na tarayya ba.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sanin shekarun yaro daidai, kuma nan ake shan wuya. MICS na 2021 ya gano kashi 57 ne kawai na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa. Inda babu takarda ko katin rigakafi, sai mai tambaya ta bi ta hanyar da uwa ke riƙe lokaci: kafin azumi ne ko bayan babbar Sallah, da damina ko da kaka? Kuskuren 'yan watanni yana iya mai da lafiyayyen yaro tsumburarre a takarda.

A fannin karatu, da can sa suna a makaranta aka fi ƙirgawa. Yanzu ana zaunar da yaro mai shekara 7 zuwa 14 ya karanta gajeren labari, ya amsa tambayoyi, ya yi ɗan lissafi. Ana kuma tambaya kan aikin ƙarfi, da auren wuri, da irin horon da ake yi a gida. Matasa daga shekara 15 su ke amsawa da bakinsu, har da yadda suke jin daɗin rayuwa, a mataki daga 0 zuwa 10. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta haɗa lafiya da ilimi da muhalli a ma'auni ɗaya na talauci, ta samu kusan kashi biyu cikin uku na yaran ƙasar suna cikin talauci.

Babban giɓin yana ga waɗanda ba sa kwana a gida. Almajirin da ke tsangaya nesa da iyayensa, da yaron da ke kwana a tasha, da wuya binciken gidaje ya riske su. Haka yankunan da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga, kamar wasu ƙananan hukumomin Borno. Jerin unguwannin da ake zaɓa daga ciki ma ya daɗe yana dogaro da ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi. Saboda haka alƙaluman da ake bugawa sun fi kusa da nuna sauƙin lamarin fiye da tsananinsa.