Koren shayi da kurajen fuska: Abin da zai yi maka da wanda ba zai yi ba

Saura kwana biyu bikin abokinka, ka duba madubi da safe, sai ga wani jibgegen ƙurji ya yi zaman dirshan a tsakiyar goshi. Ke kuma wataƙila rabonki da saka hoto ba filta har kin manta. Daga nan sai a faɗa TikTok neman mafita, kuma ba za a jima ba za a ci karo da mai cewa koren shayi ne maganin: a sha, a shafa, wai kwana uku fuska ta koma ta jariri.

To, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma ba kwana uku ba ne, kuma shafawa da sha ba ɗaya ba ne.

Daga ina kurajen suke fitowa?

Fatarku tana da 'yan ƙananan ƙofofi da gashi ke fitowa, kuma kowace tana fitar da maiƙo. Lokacin balaga sinadaran jiki suna sa maiƙon ya ƙaru. Idan ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata sai ƙofar ta toshe, wata ƙwayar bakteriya da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Wannan shi ne ƙurjin. Ba ƙazanta ba ce, don haka dirzar fuska da soso sau biyar a rana ƙara ɓata lamarin yake yi.

Ina koren shayi ya shigo?

Itace ɗaya ne yake ba da koren shayi da baƙin shayin da kuke sha a teburin mai shayi. Bambancin shi ne koren ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, shi ya sa yake riƙe da wani sinadari mai suna EGCG da yawa. Wannan sinadari yana rage maiƙo, yana kwantar da kumburi.

A 2013 masu bincike a Koriya ta Kudu sun wallafa gwajin da suka yi, inda aka riƙa shafa EGCG a rabin fuskar masu kuraje har mako 8, kuma kurajen suka ragu sosai a wannan gefen. A 2021 kuma wasu masanan suka tattara gwaje-gwaje biyar suka duba su tare. Abin da ya fito shi ne shafawa tana taimakawa, amma sha bai nuna wani tasiri na a zo a gani ba. Ku lura fa, gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma haɗi na musamman aka yi amfani da shi, wanda ya fi wanda za ku dafa a gida ƙarfi.

'Yan majalisar ataya, ku ji

Shayin da ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, wanda wasu ke kira shayin Buzaye, ai koren shayi ne daga China. Sai dai kada wani ya ce ashe magani yake sha kullum. Sukarin da ake zabgawa a ciki yana ɗaga sukarin jini da sauri, hakan kuma na cikin abubuwan da aka gano suna iya ƙara kuraje. Idan za ku sha, ku rage sukari. Kuma ku ba da tazarar kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini. 'Yan mata, wannan ya fi shafar ku.

Yadda za ku gwada

Ku jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na ganyen a kofin ruwan zafi na minti biyar, ba sukari, ba madara. Ku tace, ku bari ya huce sosai. Ku fara shafa kaɗan a bayan kunne, ku jira kwana ɗaya. Idan babu ƙaiƙayi, ku wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ku shafa da auduga mai tsabta safe da dare. In babu firji ko wuta ba ta zama, ku haɗa sabo kullum. Ku ɗauki hoto ba filta ranar farko, ku sake ɗauka bayan mako shida zuwa takwas. Hoton ne zai faɗa muku gaskiya.

Abin da za ku guje wa

Kada ku haɗa shi da lemon tsami ko man goge baki, ƙona fata suke yi. Kada ku matse ƙurji, domin a baƙar fata tabon yakan yi watanni bayan ƙurjin ya tafi. Man bilicin mai ɗauke da sitiroyid shi ma da kansa yake haifar da kuraje. Ƙwayoyin koren shayi da ake tallata wa masu son rage ƙiba kuwa, a yi hattara: a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce shan miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana ta wannan hanya yana da alaƙa da alamun lahani ga hanta.

Yaushe za a tafi asibiti?

Idan kurajen manya ne masu zafi a cikin fata, ko suna barin rami, ko an yi wata biyu zuwa uku ba sauyi, to abin ya wuce na shayi. Haka nan idan ke mace ce kuma kurajen sun zo tare da rikicewar al'ada ko gashi a haɓa. Akwai magungunan da aka tabbatar da aikinsu, kuma likitan fata ne zai zaɓa muku wanda ya dace. Wallahi ba abin kunya ba ne a je asibiti saboda kuraje. Ƙurji yana warkewa, amma ramin da ya bari yana da wuyar gyara, don haka kada ku tsaya jira sai ya yi.