Kirdadon 'Yan Kallo Game da Zaren Labarin Finafinan Star Wars

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa labari mai armashi ba ya ƙarewa a inda mai ba da shi ya dasa aya, domin bayan an watse ne masu sauraro kan shiga tankiya a kan abin da aka faɗa da wanda aka bari a duhu. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta duba irin wannan tankiya a tsakanin ma'abota kallon Star Wars, watau jerin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya da George Lucas ya fara fitarwa a Amurka a 1977. Gundarin labarin yana cikin finafinai tara da suka fito kashi uku: 1977 zuwa 1983, da 1999 zuwa 2005, sa'an nan 2015 zuwa 2019. Abin da muke nufi da kirdado shi ne zaton da 'yan kallo kan yi cewa akwai wani ɓoyayyen ƙulli a labarin wanda masu shirya shi suka ƙi bayyanawa.

Tushen Kirdado

Tushen al'amarin yana cikin fim na 1980, The Empire Strikes Back, inda mugun labarin, Darth Vader, ya shaida wa tauraro Luke Skywalker cewa shi ne mahaifinsa. An ɓoye wannan sirri har ga yawancin 'yan wasan kansu. Shekara uku 'yan kallo suka yi suna gardamar ko gaskiya Vader ya faɗa ko yaudara ce, har fim na 1983 ya tabbatar da maganar. Darasin da suka ɗauka shi ne, a wannan labari kowa yana iya zama wanin abin da ake zato. Tun daga nan suka shiga bin kowace kalma da kowane motsi da idon zargi.

Wawan da Ake Zargi

Mafi shahara daga cikin kirdadon shi ne na Jar Jar Binks, wata halitta mai dogayen kunnuwa da aka sa a fim na 1999 don ban dariya, amma manya da yawa suka tsane ta. A 2015 wani ra'ayi ya bazu a intanet cewa wautar Jar Jar ta gangan ce, kuma shi ne ainihin mai kitsa makircin labarin. Hujjojin da aka kawo uku ne. Na farko, a fagen fama yakan hallaka abokan gaba cikin tuntuɓe da faɗuwa, abin da ya yi kama da salon kokawar Sin wanda mai yin sa kan kwaikwayi tangaɗin mashayi. Na biyu, duniyarsu ɗaya da Palpatine, watau Naboo, kuma a fim na 2002 shi ne ya gabatar da ƙudurin da ya sa majalisa ta danƙa wa Palpatine ikon gaggawa, wanda da shi ya share hanyar rushe jamhuriya ya naɗa kansa sarki. Na uku, Lucas ya taɓa yin irin wannan dabara, domin Yoda ma da siffar wawan tsoho ya fara bayyana a 1980 kafin a gane gwani ne.

Raunin wannan ra'ayi a fili yake, domin babu ko fim ɗaya cikin taran da ya gaskata shi. Hasali ma, idan wauta ta zama shaidar wayo, to babu abin da Jar Jar zai aikata da zai wanke shi, kuma da'awar da ba ta da hanyar ƙaryatawa ta fita daga da'irar nazari.

Inda Aka Cike Giɓi

Duk da haka, ba kullum 'yan kallo ke faɗuwa ba. Shekaru da dama suna tambayar yadda aka yi daula mai ƙarfi ta ƙera makamin Death Star da 'yar kafar da harbi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Fim ɗin Rogue One na 2016 ya amsa da cewa masanin da aka tilasta wa aikin, Galen Erso, shi ya bar raunin da gangan. Haka kuma Boba Fett, wanda ya faɗa bakin wani dodo a 1983, masoyansa sun ƙi yarda ya mutu, sai ga shi ya komo a shirin The Mandalorian a 2020. A nan ya kamata a lura cewa tun 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da 'yan kai, kuma mai kasuwa ba ya toshe kunne ga abin da masu saye ke so.

Lokacin da Zato Ya Zama Bashi

Matsalar takan kunno kai ne idan mai kallo ya ɗauki zatonsa tamkar bashin da dole a biya shi. Bayan fim na 2015, an yi ta kirdadon asalin tauraruwa Rey, wasu na cewa 'yar Luke ce, wasu jikar Obi-Wan Kenobi. An kuma ce shugaban miyagu, Snoke, shi ne Darth Plagueis da aka ambata a 2005. Sai Rian Johnson ya zo a 2017 ya kashe Snoke ba tare da bayyana asalinsa ba, ya kuma ce iyayen Rey ba kowan kowa ba ne. Wani sashe na masoya ya fusata ƙwarai. A 2019 J. J. Abrams ya juya akalar, ya mai da Rey jikar Palpatine, wanda hakan ya bar zaren labarin da tufka da warwara.

Ɓarnar ba ta tsaya kan labari ba, ta taɓa mutane. A 2018 'yar wasa Kelly Marie Tran ta goge hotunanta na Instagram bayan cin zarafin da ta sha, kuma a shekarar ce Ahmed Best, wanda ya fito a Jar Jar, ya bayyana cewa tsangwamar da aka yi masa ta kusa kai shi ga kashe kansa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kirdado yana tsirowa ne a giɓin da mai labari ya bari, kuma alama ce ta mai kallo mai lura. Ga ɗalibin adabi kuwa, akwai abin tsoro a ciki, domin mu ma aikinmu ke nan: tono abin da marubuci bai faɗa ƙarara ba. Abin da zai raba mu da shaci-faɗi shi ne mu kafa hujja daga matani, mu kuma yarda mu saki ra'ayinmu idan matanin ya ƙi mara masa baya.