Salahuddin Bai Ce A Kori Mai Kemis Ba

Saƙon murya ne na minti tara. Kawuna ya turo mini shi daga Safana ranar Talata da daddare, kafin Juma'a kuwa na ji shi yana tashi daga wayar wani a teburin mai shayi a Batsari, mutane sun yi tsit, shayi na hucewa a kofi. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya dai iya jan baƙi, ya kuma san inda zai taɓa zuciyar mutum.

Labarin yaƙin Hiɗɗin ya ɗauko, da gaskiya kuma ya soma. An yi yaƙin ranar 4 ga Yuli, 1187, wato shekara ta 583 bayan Hijira, kusa da tafkin Ɗabariyya. Salahuddin Ayyubi ya tsare wa 'yan Salibiyya hanyar ruwa cikin tsananin zafi, dakarunsa suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, ƙishi da hayaƙi suka karya su tun kafin takobi. Ranar 2 ga Oktoba ya karɓi birnin Ƙudus.

Cewar da ya yi Salahuddin Balarabe ne kuskure ne, Bakurde ne haifaffen Tikrit. Batun da ya kawo cewa mutum 313 sun kori miliyan guda kuwa, adadin mutanen Badar ya aro. A Hiɗɗin rundunar Musulmi ma ta fi yawa, kimanin dubu 30 a kan dubu 20.

Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. A mintuna ukun ƙarshe ya zuba dafin. Wai Salahuddin bai bar Kirista ko ɗaya da rai a Ƙudus ba, domin ya gane kowanensu ɗan leƙen asiri ne. Wai abin da 'yan bindiga ke yi a dajin Rugu ci gaban wancan yaƙin ne, don haka duk Kiristan da ke zaune a garuruwanmu infoma ne.

Wannan ƙarya ce, kuma malaman tarihin Musulunci ne suka ƙaryata ta tun ƙarni takwas baya. Imaduddin Asfahani, magatakardan Salahuddin, ya rubuta yadda aka karɓi birnin, Ibnul Asir ma ya kawo labarin. Sulhu aka yi da Baliyan, jagoran masu tsaron gari. Aka yanka fansa, dinari goma ga namiji, biyar ga mace, aka karɓi dinari dubu 30 a madadin talakawa dubu 7. Ƙanen Salahuddin, Al-Adil, ya roƙi mutum dubu guda, ya sallame su kyauta. Kiristocin asalin ƙasar, waɗanda ba daga Turai suka zo ba, aka bar su a gidajensu suna biyan jiziya. Wasu sun ba da shawarar a rushe Cocin Ƙiyama, Salahuddin ya ƙi, bayan kwana uku aka buɗe ta. Kisan kiyashin da mai saƙon ke ba da labari an yi shi a Ƙudus, amma a 1099 ne, 'yan Salibiyya ne kuma suka yi wa Musulmi da Yahudawa.

Ba zan ɓoye inda jini ya zuba ba. Bayan yaƙin Hiɗɗin, Salahuddin ya sare Arnaɗ, mai sansanin Karak, da hannunsa, saboda ya afka wa ayarin fatake alhali akwai yarjejeniya. Ya sa an kashe mayaƙan ƙungiyoyin Salibiyya biyu da aka kama, dubban da suka kasa biyan fansa a Ƙudus kuma aka bautar da su. Amma Guy, sarkin 'yan Salibiyya, ruwan sanyi aka ba shi a cikin tanti, shekara na zagayowa aka sake shi.

Na kira Kawu na ce, "Kawu, wa ya aiko maka da wannan?"

Ya ce, "Ɗana, ai malami ne ya faɗa."

"Wane malami, Kawu?"

Sai ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara uku bai taka gonarsa ba, ya sayar da shanun huɗa ya fanso jikarsa, dole zuciyarsa ta nemi wanda za ta kama. Mutanen Tsauwa da Dankar da suka binne 'yan'uwansu kusan talatin a Fabrairun 2020 ba su manta ba. Infoma kuma akwai su, gwamnatin jiharmu ma ta sha kokawa da su. Sai dai a minti taran nan babu suna, babu gari, babu hujja ko ɗaya. Masu bugo waya su yanka mana kuɗin fansa kuwa mun san muryoyinsu, sunayensu irin namu ne.

Wanda ya naɗi saƙon nan nake jin haushi. Ya san abin da kalmar infoma ke jawowa a yankinmu, inda zargi kaɗai ya isa a tsinci gawar mutum a bayan gari. Yana sane ya rataya ta a wuyan malamin firamare, da ɗan bautar ƙasa, da mai kemis ɗin da ya fi shekara ashirin yana ba Kawu maganin hawan jini bashi. Mako guda ke nan Kawu bai leƙa shagon ba, maganinsa kuma ya ƙare tun Lahadi. Na ce gobe da hantsi zan biyo da babur mu je tare.