C7, Lam da H: Yadda Ake Karanta Sunayen Kod a Kiɗa

Duk wanda ya taɓa neman waƙa a intanet don ya koya a jita ko fiyano ya ga haruffa jere a saman baitoci: C, Am, G7, Dsus4. Yawancin masu koyo wurin sa yatsu kawai suke haddacewa. Ranar da aka shiga situdiyo da baƙi, aka miƙo musu takarda mai sunan da ba su haddace ba, sai ido ya raina fata. Alhali sunan kod bayani ne na abin da ke cikinsa, wanda ya iya karanta shi zai haɗa kod ɗin da kansa.

Kod dai sautuka ne uku ko fiye da ake bugawa lokaci guda. Harafin farko na sunan shi ne tushe, wato sautin da aka gina sauran a kai. Daga maɓalli ɗaya na fiyano zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi, taki ɗaya ke nan. Alamar # tana ɗaga sauti taki ɗaya, alamar ♭ kuma tana sauke shi taki ɗaya.

Idan an rubuta harafi shi kaɗai, kamar C, ana nufin mejo: daga tushe a ƙirga taki 4, sannan a ƙara 3. Wannan ya ba da C, E, G. Ƙaramin "m" yana nufin maino, inda ake juya lissafin, taki 3 sannan 4. Saboda haka Cm shi ne C, E♭, G. Sauti ɗaya ne ya motsa, amma kunne kan ji maino da ɗan sanyin jiki.

Lambobin kuwa daga ƙirga matakai suka fito: C ne 1, D ne 2, E ne 3, har zuwa B na 7. Csus4 yana nufin a cire na 3 a sa na 4, ya zama C, F, G. A nan ne kuma tarko yake: Cmaj7 yana ƙara B, amma C7 yana ƙara B♭. Mai jita ya buga ɗaya, mai fiyano ya buga ɗayan, nan take kiɗa zai yi tsami. Idan kuma aka ga C/E, kod ɗin C ne, sai dai E ne zai zauna a can ƙasa, wurin mai bes.

Wani abin da ya shafi mazauna ƙasashen waje shi ne ba ko'ina ake amfani da haruffan nan ba. A Ingila, Amurka, Najeriya da Gana ana cewa C, D, E. A Faransa da ƙasashe irin su Nijar da Chadi, haka ma a ƙasashen Larabawa, Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si aka saba da su. Asalinsu daga Guido na Arezzo ne, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, wanda ya ciro yawancinsu daga farkon layukan wata waƙar addini ta Latin. Shi da Ut ya fara, sai a ƙarni na 17 aka maye gurbinsa da Do. Don haka idan ɗan Maraɗi ya rubuta Lam ko Sol7, abin da ɗan Kano ya sani da Am da G7 yake nufi.

Ɗaliban Jamus su ƙara kula: a can, H ake kiran sautin da Ingilishi ke kira B, shi kuwa B na Jamusawa B♭ ne.

Akwai hanyar da ta tsallake duk wannan. A ƙarshen shekarun 1950 makaɗan situdiyo a birnin Nashville na Amurka suka fara rubuta kod da lamba zalla. 1, 4, 5 yana nufin C, F, G idan waƙar a C take, ko G, C, D idan mawaƙi ya ce a mayar da ita G don ta dace da muryarsa. Kafin ka zauna da sababbin abokan kiɗa, tambayi tsarin da suke karantawa, sannan a fara.