Daga Baro zuwa Minna: yadda haraji, kuɗi da wasiƙa suka hau jirgi ɗaya

Wanda duk yake son ya fahimci Minna, sai ya fara gangarawa kudu zuwa Baro, a gaɓar kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta yau. A nan jiragen ruwa suke sauke kaya, kuma daga nan Gwamna Percy Girouard, wanda asalinsa injiniyan reluwe ne, ya sa aka fara shimfiɗa layin dogo a 1907. Layin ya ratsa ƙasar Nufawa, ya bi ta gindin duwatsun Gwarawa, ya isa Kano a 1911. Da layin Legas ya ƙetaro ta Jebba ya haɗu da shi a Minna, sai ƙaramin garin nan ya zama mahaɗa. Gyaɗa, auduga, doya da ƙwarar kaɗe duk suka riƙa taruwa a tasharsa.

A lokacin hedikwatar Turawan mulkin Arewa tana Zungeru, kafin su kwashe zuwa Kaduna a 1917. Amma mulki yana bin hanya ne, shi ya sa Razdan na lardin Neja ya ƙare a Minna, inda jirgi ke tsayawa kuma wayar tangaraho ke bin dogo.

A ganina, abin da ya fi sauya rayuwar talaka shi ne haraji. En'e ce ke tara shi ta hannun hakimai da dagatai, ma'aji ya rubuta, a zuba a baitulmali, gwamnati ta ɗebi kasonta. Da aka daina karɓar wuri, dole manomi ya nemo sule da kwabo. Ina zai samu? Ko ya ɗora doya a kafaɗa zuwa tasha, ko ya shiga leburancin dogo. Da haka sule, da kwabo da anini masu huda a tsakiya, suka shiga ƙauyukan da ba a taɓa gina banki ba. Bankin British West Africa, wanda aka kafa a 1894 kuma ya zama First Bank na yau, na kamfanoni ne da gwamnati da manyan 'yan kasuwa. Talaka tukunya ce bankinsa, sai adashi.

Gidan waya ne ya cike wani ɓangare na giɓin. Can ake sayen kan sarki, can ake buga tangaraho idan an yi rasuwa, can kuma ma'aikacin reluwe yake sayen takardar kuɗi ya aika wa iyayensa a Kudu. Har asusun ajiya akwai, da ɗan littafinsa da ake buga wa hatimi. A ƙofa kuma ga mai rubuta wasiƙa da teburinsa da biro. Tsohuwa ta zauna ta zayyana masa damuwarta, ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sai can ƙasa ya ambaci kuɗin da ake buƙata. Sirrin unguwa guda yana cikin kansa. Akwati ɗaya na makaranta ko masallaci ko coci kan zama adireshin mutum ɗari.

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta ƙirƙiro jihar Neja, Minna ta zama babban birni. A shekarar ce kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, ikon En'e ya ƙare, sarakuna suka koma iyayen ƙasa. Yau Chanchaga da Bosso ne suka raba garin. A zamanin Janar Babangida, ɗan Minna, aka kafa Bankin Al'umma na People's Bank a 1989, bankunan unguwa suka biyo a 1990, duk da niyyar kai banki ga wanda ba ya sa kwat. Da yawansu ba su yi ƙarko ba.

Abin da hukuma ta kasa, wayar salula ta yi shi bayan 2001. Wasiƙa ta ja baya, hukumar gidan waya ta NIPOST, wadda aka cire daga tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho ta P&T a 1985, ta koma dogaro da aiken kaya da takardun hukuma. A bakin Kasuwar Kure ko shataletalen Mobil, yarinya mai POS a ƙarƙashin lema tana yin aikin da banki da gidan waya suke yi a da. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ita ce ma ke yanke farashin kuɗin.

Baro kuwa, Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tasharta ta jiragen ruwa a Janairun 2019. Sai dai tsohon layin dogon da ya haɗa ta da Minna ya daɗe da mutuwa, hanyar mota ba ta da kyau, kuma kogin yana buƙatar yasa kafin manyan jirage su iso da rani.