Wankin Hoto Baƙi da Fari: Me Ke Sa Wani Ya Daɗe, Wani Ya Koɗe?

A yau za mu shiga da ku ɗakin duhu na masu hoto ne, domin mu ga yadda ake wanke hoto baƙi da fari a kan takarda, da kuma dalilin da ya sa wani hoton kan shekara sittin yana nan garau, wani kuwa kafin shekara goma ya koɗe ya yi ruwan ɗorawa. Sai a gyara zama.

To madalla. Bari mu soma da wani hoto daga birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka. A ranar 1 ga watan Fabrairun 1960, wasu ɗalibai huɗu baƙar fata na kwalejin aikin gona da fasaha ta A&T suka shiga kantin Woolworth, suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farar fata. Aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Ɗaliban su ne Joseph McNeil da Franklin McCain da David Richmond da Ezell Blair, wanda daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Jack Moebes, mai ɗaukar hoto na jaridar Greensboro Record, ya ɗauke su suna fitowa daga kantin a wannan rana, kashegari kuma ya ɗauki hoton da ya fi shahara, inda ake ganin McNeil da McCain da wasu ɗalibai biyu zaune a kan kujerun da aka hana su. Kafin ƙarshen watan Maris irin wannan zaman dirshan ya bazu zuwa birane 55 a jihohi 13, kuma a ranar 25 ga watan Yuli kantin ya fara sayar wa baƙar fata abinci. Tun shekarar 2010 ginin ya zama gidan tarihi.

Abin da ya shafi shirinmu a nan shi ne, a wancan zamani babu hoton da zai fita a jarida sai ya bi ta ɗakin duhu. Abin da kyamara ke bayarwa fim ne, wanda idan aka wanke shi komai kan fito a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Kafin ya zama hoton da ido ya saba gani, sai an haska shi a kan wata takarda ta musamman.

To mece ce wannan takarda? A fuskarta akwai wani shafe na jelatin, wato wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin jelatin ɗin an barbaza ƙwayoyin gishirin azurfa, ƙanana ƙwarai, waɗanda haske ke yi wa tasiri. Galibinsu hasken shuɗi ne ke taɓa su, wasu kuma har da kore, amma ja bai dame su ba. Shi ya sa za ka ga mai hoto yana aiki da jar fitila marar ƙarfi.

Mai hoto kan sanya fim ɗin a cikin na'urar ƙara girman hoto, wadda ke da fitila a sama da gilashi a ƙasa, ta jefa siffar a kan takardar na wasu daƙiƙoƙi. Gwani ba ya kintace. Yakan yanki ƙyallen takarda ya haska shi kashi-kashi, alal misali daƙiƙa 5 da 10 da 15 da 20, ya wanke ya zaɓi wanda ya fi dacewa. Idan wani sashe zai yi duhu da yawa, kamar fuskar mutum baƙi a gaban farin bango, sai ya kare wurin da hannunsa na ɗan lokaci. Ita ma takardar iri-iri ce, daga lamba 0 mai laushin launi zuwa lamba 5 mai tsananin bambanci tsakanin baƙi da fari. A shekarar 1940 kamfanin Ilford na Ingila ya fito da takarda mai suna Multigrade, wadda ita kaɗai kan ba da mataki daban-daban idan aka sauya launin hasken.

Bayan an haska, takardar fara ce fat, babu abin da ido zai gani. Daga nan sai faranti uku na ruwan magani. Na farko shi ke fito da hoto: yana mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama azurfa tsantsa, wadda saboda ƙanƙantarta kan fito baƙa. Cikin minti ɗaya zuwa uku, a zafin digiri 20 na ma'aunin Selshiyos, sai ka ga fuskoki suna bayyana. Ashe ke nan baƙin da ke jikin hoton ba tawada ba ce, azurfa ce. Faranti na biyu ruwan tsami ne dangin khal, wanda ke tsayar da aikin na farko cikin rabin minti.

Faranti na uku shi ne mai kafe hoto. A wuraren da suka zauna fari, har yanzu akwai gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, kuma idan aka bar shi, da zarar an fita da hoton rana sai ya yi duhu. Sinadarin da ke narkar da shi, sodiyam tayosalfet, masanin nan na Ingila John Herschel ne ya gano aikinsa a shekarar 1819, ya kuma ba da shawarar a yi amfani da shi wajen hoto a 1839.

To sai dai kuma a nan gizo ke saƙa. Wannan sinadari yana ɗauke da farar wuta, farar wuta kuwa ba ta jituwa da azurfa, kamar dai yadda zoben azurfa kan dushe idan ya daɗe. In har ya saura a jikin takarda, sannu a hankali zai ci azurfar, hoton ya yi ruwan ɗorawa ya koɗe. Haka nan idan mai hoto ya yi tsimi, ya ci gaba da amfani da ruwan maganin da ya riga ya gaji, tabo zai fito bayan shekaru. Maganin abin shi ne ɗauraya da ruwa mai tsabta. Bahaushe da ya ce wankin hoto, ko shakka babu ya kama bakin zaren.

Tsawon wankin ya danganta da irin takardar. Ta asali, irin wadda ake amfani da ita a zamanin Moebes, tana shan ruwan magani har cikin jikinta, saboda haka tana bukatar rabin awa zuwa awa guda a cikin ruwa mai gudu. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara sayar da takarda mai shafen roba gaba da baya, wadda minti biyu zuwa huɗu ya ishe ta. Duk da haka masu adana kayan tarihi sun fi amincewa da ta asalin, muddin an wanke ta yadda ya kamata. Matsalar ita ce, ranar da aka miƙa maka hoto, wanda aka wanke na awa guda da wanda aka tsoma aka tsame duk kamarsu ɗaya. Mai jarida yana sauri kada a buga babu hotonsa, mai shagon hoto kuma ga layin jama'a ranar sallah. Sai bayan shekaru ne aikin kowa ke nuna kansa.

A ƙasashenmu kuwa akwai ƙarin wahala biyu. Ta farko zafi: a bazara ruwan Kano ko Maraɗi kan wuce digiri 20 nesa ba kusa ba, abin da ke sa magani ya yi aiki da gaggawa, jelatin kuma ya yi laushi. Ta biyu ƙarancin ruwa. Amma ko babu famfo ana iya wanki mai kyau, ta hanyar jiƙa hoton a faranti ana motsawa, ana sauya ruwan bayan kowane minti biyar, sau da yawa.

A shekarar 2005 kamfanin Kodak ya daina yin takardar hoto baƙi da fari, saboda kyamarar zamani ta kwashe kasuwa, amma Ilford a Ingila da Foma a Jamhuriyar Cek suna ci gaba da yi.

Mai sauraro, wataƙila akwai irin wannan hoto a gidanku, na auren iyaye, ko na kaka ranar da za shi Makka, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne ya rage. Ka raba shi da hasken rana da danshin damina, ka kiyaye shi daga gara. Kada ka shafa masa gam, kada ka liƙe shi a cikin roba da na'ura mai zafi, domin ba ya ɓantaruwa. Ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye shi a cikin takarda mai tsabta. Idan ya fara canza launi, ka ɗauki hotonsa da waya tun da wuri, ka rubuta sunayen waɗanda ke ciki tun masu saninsu suna raye. In kuwa ka ci karo da fim ɗinsa a ƙasan akwati, to kada ka yar, domin daga shi ana iya wanke sabo.

To jama'a masu sauraro, da haka muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.